Layi na Ɗari da Sha Huɗu

Litinin, 8 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Na tura. Minti ashirin ke nan, sai na ɗauko littafin nan da na yi wata biyar ban taɓa ba.

Bari in rubuta komai daki-daki, don in na dawo na karanta wata rana in san ba haka kawai na yi ba.

Malam Halliru shi ya koya mini rubuta manhaja, a shagonsa na koyar da kwamfuta da ke bayan tasha a nan Kazaure. Shekara uku da suka wuce wata ƙungiya mai taimaka wa ƙananan asibitocin karkara ta ba shi aikin manhajar da ke tura wa masu juna biyu tes, tana tuna musu ranar awo. Ana aiki da ita a Roni da Gwiwa da wasu ƙauyukan Babura. Kod ɗin, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, a buɗe yake a intanet, duk mai so zai karanta, haka ƙungiyar ta sharɗanta.

Yayata Adda tana aikin awo a wani ƙaramin asibiti a Gwiwa. Mako biyu da suka wuce ta zo gida ta ba ni labarin wata mata, Ma'u. Ba zan rubuta labarin a nan ba. Abin da ya shafe ni shi ne, saƙon da ya je mata ya ba ta ranar da ba tata ba.

Na buɗe kod ɗin, ban yi minti goma ba na gani. Layi na ɗari da sha huɗu. Da lambar waya manhajar take gane mace. In mata biyu suka ba da lamba ɗaya, sai ta biyun ta hau kan ta farko ta shafe ta. A ƙauye kuwa waya ɗaya takan ɗauki gida guda.

Sau biyu na tura wa Malam saƙo. Amsa ɗaya na samu: "Za a duba, in sha Allah." Yau kwana sha biyu, layin yana nan yadda yake.

To, yau na sa hoton layin a zaurenmu na WhatsApp, na masu rubuta manhaja na Jigawa da Kano, mu ɗari uku da wani abu. Na yi bayani, na faɗi sunan manhajar. A ƙarshe na ƙara da cewa: "Wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana a ƙauye ba, kuma ko ɗan koyo na wata uku zai ji kunyar sa sunansa a kai."

Gaskiya na faɗa.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Julius ya kira. Shi ke kula da zauren, tare muka yi koyo a wurin Malam, a nan garin aka haife shi.

Ya ce, "Maganarki daidai ce, Khairiyya. Kod ba shi da furfura. In layi zai cutar da mutane, a faɗa a fili, masu aiki da shi su sani. Amma jimlar nan ta ƙarshe ba da kod kike ba."

Na ce sau biyu na yi masa magana a asirce.

Ya ce, "Kin je shagon?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Minti bakwai ne a acaɓa." Sannan ya ce, "Kin buɗe tarihin fayil ɗin?" Yana nufin wurin da ake ganin wanda ya rubuta kowane layi da ranar da ya rubuta.

Na ce me zan yi da tarihi, ga layi a gabana.

Talata, 9 ga Yuli, hantsi

Zauren ya rabu biyu. Wasu sun ce abin da ya kamata ke nan, da ana yin haka da ba a cika ƙasa da manhajoji marasa kan gado ba. Wasu sun ce cin fuska ne, ba a yi wa babba haka ko da ya yi kuskure. Wani ya ce dama mata in sun samu kwamfuta. Wani da ban san shi ba ya zana Malam yana barci a kan tebur, mutum sittin suka yi dariya.

Ban ce a yi masa haka ba.

Malam yana cikin zauren. Alama ta nuna ya karanta. Bai ce komai ba.

Laraba, 10 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe

An kwafe rubutuna an kai Facebook. An cire bayanin, an bar jimlar ƙarshe da sunan shagonsa.

Alhamis, 11 ga Yuli, bayan azahar

Baba ya ji a majalisarsu. Ya kira ni zaure, na durƙusa, ya daɗe yana jan carbi bai dube ni ba.

Ya ce, "Mutumin da ya tako ƙofar gidan nan har sau uku yana roƙona in bar ki ki yi wannan karatun. Shi kika tsaya a bainar jama'a kika ce wa yaro ya fi shi?"

Na ce, "Baba, rai ne a ciki."

Ya ce, "Tunda rai ne a ciki, ai da ƙafa ake zuwa a faɗa wa mutum. Gobe ki je ki ba shi haƙuri."

Na ce to.

Juma'a, 12 ga Yuli, da yamma

Ban je ba. Na ce ruwa ne ya hana ni. An yi ruwan kuwa, amma na rabin awa.

Lahadi, 14 ga Yuli, hantsi

Na sake buɗe fayil ɗin, wai in duba ko akwai wani kuskuren. Sunayen da aka sa wa abubuwa a ciki da Hausa ne: lambarWaya, ranarAwo. Malam da Turanci yake sa nasa, kullum.

Ban tsaya a kan wannan ba. Ban buɗe tarihin ba. Na je na taya Inna tsince shinkafa.

Litinin, 15 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Ƙungiyar ta dakatar da manhajar gaba ɗaya har sai an bincika. Ba saƙon da zai ƙara fita, na daidai ko na kuskure.

Shugabar sashenmu a kamfanin Legas da nake yi wa aiki daga gida ta ga rubutun. Ta ce irin idon da suke nema ke nan, ta yaba mini a gaban kowa a taron safe. Na yi godiya. Da aka tashi na kashe kwamfuta na kwanta a tabarma ina kallon rufi.

Laraba, 17 ga Yuli, kafin magariba

Adda ta kira daga Gwiwa. Yau ranar awo ce. Sun saba ganin mata arba'in, sha ɗaya suka zo. Damina ce, kowa yana gona, ba mai riƙe kwanan wata in ba a tuna masa ba.

Ta ce, "Fitila tana hayaƙi, sai kika kashe mana ita."

Na ce, "Adda, ke fa kika kawo mini maganar."

Ta ce, "Na kawo miki don ki gyara."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗan da ya fi mini.

Alhamis, 18 ga Yuli, da safe

Na fita sayen kati na bi ta bayan tasha ba tare da na yi niyya ba. Ƙofar shagon a buɗe. Da, babura da kekuna sukan cika bakin ƙofar. Yau keke biyu. Na ja mayafina na wuce ta ɗaya gefen titi.

Baba ya daina tambayata ko na je. Ya daina tambayata komai.

Ban buɗe tarihin ba.

Juma'a, 19 ga Yuli, azahar

Ban buɗe ba.

Asabar, 20 ga Yuli, bayan la'asar

Na je Gwiwa. Ni na roƙi Adda ta kai ni wurin Ma'u, ban san me nake nema ba. Daga garin muka hau acaɓa, hanya duk taɓo, gero ya kai ƙugu hagu da dama.

Gida ne na 'yan'uwa biyu maza da matansu. Ma'u da facalarta Zubaida, matar ƙanin mijinta, kusan tare suka samu ciki, tare suka je rajista, lambar wayar gidan ɗaya suka bayar. Zubaida ce aka rubuta daga baya.

Ma'u ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo fura. Ta ɗauka daga asibiti nake. Ba ta kai shekaruna ba.

Ta ce, "Ranar an gaya mini jinina ya hau, in dawo bayan kwana uku. To, sai waya ta ce sai wata mai zuwa. Na ce wa maigidan mu bi waya, ai ta fi ni sani, ba daga asibitin take ba?"

Adda ta ce, "Allah ya sa mai ceto ne."

Ta ce, "Amin. Haka Allah ya rubuta."

Zubaida tana tsaye a bakin ɗaki, cikinta ya tsufa, ba ta zo kusa ba. A kan igiya akwai 'yan riguna biyu ƙanana, yadi ɗaya, ɗinki ɗaya. A hanya Adda ta ce tare suka kai wa tela. Ma'u ce ta wanke su ta bai wa Zubaida duka biyun.

Na sha furar don kada ta ji ba daɗi.

Lahadi, 21 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Na buɗe.

Khairiyya M. Sani. 14 ga Oktoba, shekara uku da suka wuce.

Lahadi ɗin dai, bayan azahar

Na tuna ranar, har rigar da na sa. Malam ya tafi Babura ganin mutanen asibitin, ya bar mini ɓangaren rajista, karo na farko da ya ba ni aiki na gaske. Wata biyar na yi a lokacin. Na gama kafin ya dawo, ina ta jin daɗi. Ya duba ya ce, "Waɗanda suke haɗa waya fa?" Na ce za mu dawo kansa. Ya ce to.

Ba mu dawo ba.

Tun ranar da na ga lambarWaya na sani. Wataƙila tun kafin in tura ma na sani. Wannan ba zan iya rantsewa a kansa ba, ko ta nan ko ta can.

Litinin, 22 ga Yuli, da safe

Ban shiga taron aiki ba. Na ce ba sabis.

Talata, 23 ga Yuli, hantsi

Na kira Julius. Na ce tun yaushe ya sani.

Ya ce tun ranar farko. Ya ce duk wanda ya ɗauki minti ɗaya zai gani, amma cikin mutum ɗari uku ba wanda ya ɗauka, dariya ta fi sauƙi. Ya ce ya so ya faɗa a zaure, Malam ya kira shi ya hana.

Na ce, "To yanzu har yanzu kana ganin a faɗa a fili?"

Ya ce, "Har yanzu. Da kin yi shiru, wata Ma'un tana hanya. Amma ni ba ni zan ci gaba da zama da abin ba."

Laraba, 24 ga Yuli, kafin magariba

Na je.

Kwamfuta sha biyu, ɗalibai huɗu. Malam yana teburinsa, gilashi a kan hanci. Ya rame. Na gaishe shi na durƙusa a ƙasa, ya ce in tashi in zauna a kujera, na ƙi. Ya sallami ɗaliban.

Na ce, "Malam, na gani."

Ya ce, "Kin daɗe."

Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba.

Ya ce, "Da saƙonki na farko ya zo na buɗe, na ga sunanki. Na ce bari in gyara a hankali ba wanda ya ji, har ke. Sai na tarar gyaran ba na layi ɗaya ba ne. Sai an bi rajistar shekara uku an raba matan da suka haɗe. Na yi ta cewa gobe."

Na ce, "Kwana sha biyu saƙo yana fita, Malam."

Ya ce, "Na sani. Wannan nawa ne, ba naki ba. Ni na ga ramin tun farko na tsallake, ni na sa hannu aka saki manhajar. Da ba ki yi magana a zaure ba, da yau ma yana fita."

Na fara kuka, ya jira har na gama.

Ya ce, "Ban ce kin kyauta ba, 'yata. Na ce da yana fita. Abu biyu ne."

Na ce zan rubuta a zaure in faɗi gaskiya.

Ya cire gilashin ya ce, "Ban yarda ba. Ni an riga an gama da ni a bakin mutane, nan da wata biyu sun samu wani. Ke yanzu kika fara. In kin faɗa, waɗanda suka ce mata ba su iya ba sun samu abin riƙewa, ƙungiyar kuma ba za ta ƙara yarda da ni ko ke ba, manhajar ta mutu ke nan. In har ni malaminki ne, ki bar shi. Gobe ki zo ƙarfe tara mu gyara."

Na ce to. Kullum sai in ce to.

Asabar, 27 ga Yuli, la'asar

Kwana uku muna shagon, ni da Malam da Julius. Yanzu kowace mace tana da lambarta ta rajista, kuma saƙon zai fara da sunanta. Adda da abokan aikinta na Roni da Babura suna karanto mana littattafan awo ta waya, muna raba sunaye ɗaya bayan ɗaya. Zuwa yau mata ɗari uku da sha biyu muka samu waɗanda aka shafe. Ban tambayi Adda yadda kowacce ta ƙare ba. Ita ma ba ta faɗa ba.

Malam yana yi mini magana kamar da. "Khairiyya, duba mini nan." Wannan ya fi komai wuya.

Litinin, 29 ga Yuli, da safe

Baba ya ji ina zuwa shagon. Ya sa mini albarka, ya ce haka 'yar halak take yi, ta yi kuskure ta gyara. Ya ɗauka kuskurena rashin ladabi ne. Na buɗe baki, sai ya miƙo mini goro, na karɓa.

Laraba, 31 ga Yuli, azahar

Na rubuta abin da zan tura a zaure. Na goge. Na rubuta. Yana nan a ajiye.

In na faɗa na saɓa masa. In na yi shiru ina cin mutuncinsa kullum da safe, ina cewa ina kwana Malam.

Alhamis, 1 ga Agusta, hantsi

Yana nan a ajiye.

Litinin, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Saƙo ya koma fita yau. Ƙungiyar ta aiko takarda, ta gode wa "matashiyar da ta gano kuskuren," ta kuma ce daga yanzu sai wani ya duba aikin Malam kafin a saki. Ni suka zaɓa. Malam da kansa ya karanta mini takardar, ya ce ya yi daidai.

Zubaida ta sauka jiya, mace. Adda ta ce Ma'u ce ta rako ta asibiti.

Kowa ya huta.

Laraba, 7 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Malam ya tafi Roni nuna wa ma'aikatan asibiti sabon tsarin, ya ce in riƙe masa aji. Ɗalibai uku suka zo.

Muna cikin darasi wata a cikinsu, Halimatussa'adiyya, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Anti, wai da gaske Malam ne ya rubuta abin nan? Babanmu ya ce wannan makon ne ƙarshen zuwana, wai mai koyarwar ma bai iya ba."

Sauran biyun suka daina danne-danne.

Na juya allon kwamfutar wajensu na buɗe tsohon fayil ɗin. Na nuna musu layin, na nuna musu yadda mace ta biyu take shafe ta farko. Sannan na buɗe tarihin na ce Halimatu ta karanta da ƙarfi. Ta fara, ta tsaya a tsakiyar sunan, ta dube ni.

Na ce, "Ni ce. A kan kwamfutar can ta kusa da taga na rubuta shi. Ki gaya wa Babanku haka, ki ce in yana so zan zo in faɗa masa da bakina."

Ta ce, "To ke kuma kika…"

Na ce, "Ni kuma na."

Muka ci gaba da darasi.

Da na dawo gida na faɗa wa Baba. Ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya tafi masallaci alhali ba a kira salla ba. Sannan na shiga ɗaki na tura a zaure, da hoton tarihin da sunana a kai. Na ce layin kuskure ne kamar yadda na faɗa, ban janye wannan ba. Na ce jimlar ƙarshe kuwa ga mai ita, wato ni.

Ban gaya wa Malam ba. A hanyar Roni sabis ba shi da ƙarfi, sai ya kusa shigowa gari zai gani.

Wayar tana kan gado a kife, tana ta motsi. Inna tana kirana in zo in kwashe tuwo.